Yaƙin Malam Nafi'u da Famfon Tsakar Gida

Bayan godiya ga Mai kowa mai komai, wannan shi ne tarihin gwarzo, sadauki, Malam Nafi'u malamin makaranta, ɗan Tukur, ɗan Barau maƙeri, ɗan Jatau wanda aka ce ya taɓa damƙar jan ƙarfe da hannu bai ce wash ba, ko da yake waɗanda suka gani sun ce suma ya yi. Na Balaraba dodon soket, mai filaya ɗaya aiki goma! Marubucin wannan tarihi ya san sirrin zuciyar gwarzon sarai, domin hula ɗaya suke sawa.

Shi ne wanda, a shekarar da ya tare a gidansa na Malumfashi, ya ja wayoyin lantarkin gidan kaf da hannunsa mai albarka, bisa hujjar cewa jikan maƙeri ba ya kiran mai wayarin. Aka zauna lafiya, in ban da ƙaurin roba jefi-jefi, har ranar wata Litinin da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta kama famfon tsakar gida za ta yi alwala, wuta ta fizge ta, buta ta yi gabas ɗankwali ya yi yamma. Da ta dawo hayyacinta ta yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara: in Juma'a ta yi famfon nan yana cizo, za ta koma Bakori wurin ƙaninsa Sagiru, inda rijiya ba ta taɓa jan kowa ba. Wannan magana ta soki gwarzon ƙwarai. Babban ɗa ne, ya kuma san abin da dangi za su ce in uwa ta bar gidansa da ƙullin kaya.

Balaraba matarsa ta ba da shawarar a kira maƙwabcinsu Malam Iliya, wanda wayarin ce sana'arsa. Gwarzon ya dube ta duban sarkin yaƙin da aka ce ya nemi sulhu. Ai ya riga ya ji a majalisa cewa ƙa'ida ita ce kowane gida a binne masa sandar tagulla da gawayi da gishiri, abin da masana ke kira atin, don ƙasa ta shanye wutar da ta ɓace hanya.

Ranar Talata ya yi ɗamara, ya saɓi diga, ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko kai!" Kwana uku yana fafatawa da marmara, tafukansa suka yi bororo, ƙugunsa ya yi tawaye, amma hamiyyar kakanni ta hana shi saduda, har ya haƙa ramin da maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambayar ko sabuwar masai ake yi. Ya ƙwace buhun gawayin Balaraba ganima, ya haɗa da gishirin gidan duka, rundunarsa ta kwana biyu tana shan miya lami. Ya kafa sandar, ya binne, ya yi mata ban ruwa safe da yamma kamar dashen mangwaro.

Da hantsin Juma'a ya gayyaci Inna ta zo ta ga fatahi. Ta tsaya nesa, ƙullin kayanta a gefe, ta ce shi ya fara taɓawa. Don ya kore shakka daga zukatan raunana, sai ya tuɓe takalmi, ya jiƙa hannu, ya damƙi famfon. Masu tarihi sun yi saɓani a kan nisan da ya yi a sama, amma sun haɗu a kan cewa "Wayyo Inna!" ya ce, kuma a cikin kwatami ya sauka.

Ihun ne ya kawo Malam Iliya. Ya fara da kashe wutar gidan daga babban makunni, dabarar da ba ta taɓa faɗo wa gwarzon ba. Sannan ya tambaya ina wayar da ta haɗa sandar da gidan. Gwarzon ya dubi sandar, ya dubi gidan. Ashe ana haɗawa. Ya bi bututun ruwa har bayan ɗaki, ya tarar da wayar injin jan ruwa, wadda gwarzon ya murɗe bara ya naɗe da ledar burodi, ta narke ta kwanta a kan ƙarfe. Kafin kokon da Balaraba ta kawo masa ya huce ya gama gyaran, ya ce sauran wayoyin gidan ma sai an sauya su.

Inna ta daɗe tana duban ɗanta, mai shekara arba'in da bakwai, yana zaune yana ɗigar ruwan kwatami. Sai ta kwance ƙullin kayanta. Zuciyar gwarzon ta yi fari, ya ce ashe dai an ci yaƙi.

Ta ce, "Ba don famfo na fasa ba, Nafi'u. Ba a barin yaro shi kaɗai da wuta. Miƙo filayar nan."

Ya miƙa mata da hannu biyu, ta jefa a adakarta ta kulle.