Sulhun Shisha da Rabin Littafi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je yin sulhu a unguwar Shisha ba, na dawo gida ina neman inda zan ɓoye furfurata.

Ɗan ƙanwata Faisal da abokin sana'arsa Bashir suna da ofishin jigilar alhazai a nan Makka. Ana cikin aikin Hajji suka ɓata a kan wata bas da ta bar fasinjojinta a Muzdalifa, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Magana ta kai ga za su raba ofis, ga shi gidaje biyu da shi suke ci. Aka ce a kira Kawu, shi da ya ga duniya. (Ni na koya musu faɗin haka. Ba na rasa hanyar sanar da mutum cewa ina jin Larabci, Faransanci, Turanci, har da Turkancin ciniki.)

Kafin nan, a jirgin da ya ɗauko ni daga Faris, babban birnin Faransa, na tsinci wani littafin Faransanci a aljihun kujera, bangon bayansa a yage. Labarin ma'aikata maza biyu ne a kamfani ɗaya, akanta da injiniya. Da farko ba sa ga maciji da juna, daga baya suka shaƙu. Wannan ya kai wa wancan gahawa, wancan ya kwanta ciwo wannan ya yi jinya, har suka riƙe hannu a bakin kogi. Ni ban ga komai ba. A Kano na girma, inda aminai ke tafiya hannu da hannu. A Makka na tsufa, inda maza ke gaisawa kunci da kunci. Har na ce a raina, ashe Turawa ma sun fara sanin zumunci. Muka sauka Jidda ina tsakiyar littafin, na mayar da shi inda na same shi.

A falon mahaifin Bashir aka zauna, dattawa sun cika, ga dabino ga gahawa. Yaran biyu kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Maimakon in jawo aya ko hadisi kamar kowane tsoho mai hankali, sai na gyara murya na kawo labarin akanta da injiniya, har da jinyar, har da bakin kogin. Na rufe da cewa, "Ku ji kunya. Ku zama kamar waɗannan bayin Allah biyu."

Bashir ya ce, da kawunsa na Larabci, "Ya ammi, mene ne sunan littafin?"

Na faɗa masa da harshen mutanen Faris, na kuma rubuta masa a wayarsa da hannuna. Ya bincika sunan a intanet, sai ya miƙa wa Faisal wayar, mutumin da rabonsa da yi masa magana tun Mina.

Faisal ya ce, "Kawu, ka kai ƙarshensa kuwa?"

Na ce, "Rabi ya ishi mai hankali."

"To Kawu, a ƙarshe aure suka yi."

Mahaifin Bashir ya ce, "Ma sha Allah. 'Ya'yan wa suka aura?"

"Juna, Baba," in ji Bashir.

Wani dattijo ya tsaya da dabino a bakinsa. Bashir ne ya fara fashewa, Faisal ya bi shi, suka riƙe ciki suna hawaye.

"Halas ya Faisal, shi ke nan, na yafe maganar bas," in ji Bashir. "Amma bakin kogi ba da ni ba."

"Gahawa ma kowa ya zuba tasa," in ji Faisal.

Mahaifin Bashir ya so ya rufa mini asiri, ya ce ƙila Faransancin ne ya yi nauyi. Ina ma haka ne. Babu kalmar da ban gane ba. Marubucin bai ɓoye komai ba, ni ne na karanta Faris da idon Kano.

Ofis dai ba a raba ba, har yau ana cewa Kawu ne ya yi sulhu, sai dai ba a faɗa ba tare da murmushi ba. Ni kuwa na koyi cewa jin harshen mutane daban, sanin mutanen daban. Yanzu ko takardar magani aka ba ni, sai na juya bayanta kafin in buɗe baki.