Gashin da Ba Wuta

"Salamu alaikum, amaryata, ina wu…"

Mu'awiya bai ƙarasa gaisuwar ba. Kujerar robar da ya ɗauko bisa babur tun daga Shinkafi ta suɓuce masa.

Kakarsa ce, Adda Kulsumu, a tsakar gidanta na Zurmi, hannuwa da gwiwoyi bisa tabarma. Ta turo gadon baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, ta sauke shi a hankali. Matar da ciwon baya ya hana sunkuyo shekara da shekaru, har salla bisa kifaffen turmi take yi. Don haka ma ya sayo kujerar.

Ya zaci faɗuwa ta yi, ko iska ta taɓa ta. Ya zabura zai ɗaga ta yana salati.

"Taɓa ni ka gani. Mijin kirki gaisuwa yake yi, ba kururuwa ba."

"Wace gaisuwa? Mata nib bari, akuya nit tarar."

"Daidai ke nan. Bunsuru anka aura mata."

Ba ta ko ɗaga kai ba ta ba shi labari. Likita a Ƙaura ya tura ta gashin ƙashi. Ta tafi da shirin wuta, har ta bar wasiyyar kajinta. Sai ta tarar da wata ma'aikaciya, Zulaihat, ba garwashi ba allura. Ta sa ta tafiya tana kallo, ta ce ɗaya ƙugun ya yi lalaci, ɗayan ke ɗaukar kayan su biyu. Maganin shi ne wannan motsi safe da yamma, sannu sannu, in ya soke ta ta tsaya.

Mu'awiya ya zaro ƙullin leda daga aljihu. Ya ce shi da ya ji an kai ta gashi har yaji ya sayo, ko banza ya ci balangun tsohuwa.

"Da waɗanne haƙora? Kai da ni nit tauna maka gyaɗa."

Sai ta miƙe ƙafa ɗaya baya, sambal. Nan wasa ya fita daga ransa. Ya roƙe ta don Allah ta bari kafin wani abu ya ɓalle, ga kujera mai hannu, Allah bai ɗora mata dole ba. Ta sauke ƙafar a hankali.

"Azumi ya matso, Mu'awiya. Goshina ya manta ƙasa. Ba ni son sai ranar da kunka rufe ni su gaisa."

Sai ya ce ai rarrafe ne, ko jinjiri ya iya. Ta matsa masa gefen tabarma.

Ya durƙusa yana taƙama, ya harba ƙafa baya kamar jaki. Bayansa da ya sha ramukan hanyar Shinkafi ya amsa ƙas. Ya kife a wurin, numfashi ma sai da dabara.

Yana nan kwance aka kira la'asar. Adda ta dafa bango ta miƙe, ta yi alwala, ta wuce turmi, ta wuce kujera, ta ta da kabbara a tsaye. Ya ga ta yi ruku'u. Ya ga ta sauka, gwiwa, hannu, goshi. Sujadar ta yi tsawo har ya fara jan ciki zuwa wurinta. Sai ta ɗago.

Da ta sallame, ƙasa na manne a goshinta, ta ƙi sharewa. Ta jawo kujerar ta tura masa.

"Hau ka yi taka sallar, tsoho. Ni yaro nika nema yanzu."

Ya yi dariya, bayan nasa ya sake sukarsa. Ya miƙa mata ƙullin yajin.

"Riƙe, Adda. In kin kai ni Ƙaura, ki ce su barbaɗa kaɗan."