Yadda Za Ka Zaga da Manya Gandun Daji Ba Su Gane Ka Taɓa Kiwo Ba

Kai ɗan boko, kai da ka baro ruga ka shiga ofis, matso kusa. Idan burinka ka ja tawagar manyan gari zuwa gandun daji, ka nuna musu itatuwa da tsuntsaye, su dawo suna cewa "ai wane masani ne," ba tare da ko mutum ɗaya ya jiyo ƙanshin nono a jikinka ba, to kakarka ta yanke saƙa. Matakan nan bakwai tabbatattu ne. An gwada su a Birnin Kudu cikin shekarar 1976, kuma shida daga ciki sun yi aiki sarai.

Wanda ya gwada su shi ne Malam Haladu, malamin firamare. Ba ni ba ne, ko da yake tsayinmu ɗaya, hularmu ɗaya, kuma Zainabu ɗaya ce take tuƙa mana tuwo.

Mataki na 1: Kafa ƙungiya, ka buga mata kati

Daji na kowa ne, shi ya sa ba wanda yake ganinsa da gashi. Ka ce sai mai kati zai shiga, ka sha mamaki.

Zamanin nan arzikin mai ya taso, duk wanda ya sayi fijo yana neman abin da zai yi ran Asabar irin na Turawan da suka tafi. Malam Haladu ya lura da haka, sai ya samo izini ya kafa Ƙungiyar Masoya Daji. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata membobi za su shiga gandun gwamnati da ke can bayan Zandam, inda aka hana sara, aka hana farauta, aka hana kiwo. Shi ne jagora.

Shugabanci kuwa ka ba wa mai mota. Haladu ya ba wa Alhaji Isma'ila ɗan kwangila, mutumin da bai taɓa tafiyar da ta wuce daga zaure zuwa masallaci ba. Ka kuma samo mace ɗaya mai ilimi don a ce ƙungiyar ta waye. Tasu ita ce Sista Kubra, ungozoma, mai idon da ba ya barin komai ya wuce. Doka kuma ta ce ba za a shiga ba sai da rakiyar malamin daji, wato Ɗanbala, mai kaki da ɗan littafi a aljihun gaba.

Mataki na 2: Ɓoye inda ka samo ilimin

A nan gizo ke saƙar. Haladu ya san dajin nan kamar yunwar cikinsa, domin a cikinsa aka binne cibiyarsa. Rugar ubansa tana nan kafin masu awo su zo su kafa turakun siminti su ce kowa ya fita. Ya yi kiwo a ciki har ya kai shekara tara, sannan dagaci ya damƙe shi ya cike gurbin yaran da aka ce ya kai makaranta.

Wannan labari, kada ka yarda ya fita. Idan aka tambaye ka sana'ar mahaifinka, ka ce, "Tsohonmu yana harkar dabbobi a wajen Gwaram," ka yi tari, ka canza magana. Ba ka yi ƙarya ba. Idan sun ɗauka likitan dabbobi ne, su suka jiyo.

Sannan ka nemi ƙaton littafin Turanci mai hotunan ganye. Ko da itacen da ke gabanka kanya ce wadda ka faɗo daga kanta ka karya hannu kana ɗan shekara bakwai, kada ka faɗi sunanta kai tsaye. Tsaya. Ɗaure fuska. Buɗe littafi, ka lashi yatsa, ka juya shafi uku, ka furta wani dogon suna da kai ma ba ka san inda ya dosa ba. Sai can ka ce, "Mutanen ƙauye kuma, ina jin, kanya suke ce mata." Ilimin da aka samu a bayan saniya al'ada ne, wanda aka samu a takarda shi ne kimiyya.

Mataki na 3: Kula da sanda

Ka sa safa har gwiwa, ka sa takalmi sau-ciki mai matse yatsu, ka riƙa yin tuntuɓe jefi-jefi don a san ba ka saba ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Sanda ce maciyar amana.

Ɗan makiyayi ko ya zama gwamna, ka miƙa masa sanda ka ɗauke kai. Kafin ka waiwayo ta hau bayan wuyansa, hannuwa biyu sun rataya a kanta. Haka ta faru da Haladu a fita ta biyu. Yana gaba yana bayanin taura, sai ya ji muryar Sista Kubra a bayansa.

"Malam Haladu, wannan riƙon sandar fa? Kamar na san shi a wani wuri."

Bakin Haladu bai mutu ba. "Sista, ai a littafi na gani. Likitocin Ingila sun ce yana buɗe ƙirji."

Tun daga ranar, duk wanda ya bi ta hanyar Zandam ran Asabar ɗin ƙarshen wata zai ga manyan Birnin Kudu su goma sha huɗu a jere, kowa da sanda a wuya, Alhaji Isma'ila na tsakiya da babbar riga yana haki yana buɗe ƙirji. Mata masu tallar nono sukan sauke ƙwarya su yi dariya har da hawaye.

Mataki na 4: Aika saƙo gida

Kowa ya sani, har da masu kaki, cewa idan bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, gonaki kuma sun cinye burtali, makiyaya sukan saci jiki su shiga gandu. Saniya ba ta karanta allon gwamnati. Cikin masu shigar har da Bappa Manu, mahaifin Haladu.

Sai ka san wane ne Bappa Manu kafin mu ci gaba. Haladu ne ɗansa na fari, kuma bisa kunya irin ta mutanensu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa a gaban mutane. Shekara talatin da biyu Haladu bai taɓa jin sunansa a bakin tsohon nan ba. In ta kama dole sai ya ce "wancan," ko "mutumin Birnin Kudu." Amma ran suna ya ba shi karsana, karsana ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har ya zama fiye da rabin garken na Haladu ne. Tsoho yana kiwon su, ɗa yana koyar da jam'i da tilo.

Don haka duk wata Haladu yakan ba wa wata gwaggonsa mai kawo man shanu kasuwa saƙo: ran Asabar za mu bi ta yamma, a tsaya wajen tafki. Ka ga an raba daji lafiya, kimiyya a yamma, al'ada a gabas.

Mataki na 5: Idan ka ga alama, taka ta

Asabar ɗin ƙarshen Afrilu, rana kamar ta fasa kai, suna cikin tafiya Haladu ya hango kashin shanu a tsakiyar hanya, ɗanye shar. Kallo ɗaya ya yi masa ya san garke ya ratsa nan da hantsi. Me masani zai yi? Ya ɗora sabon takalminsa a kai, ya tsaya cak, ya yi jawabin minti goma a kan amfanin marke. Ƙudaje suka taru, bai motsa ba.

Sai dai kashi ɗaya ake takawa, sawu kuwa ba ya takuwa. Alhaji Isma'ila ya duƙa da ƙyar, ya nuna ƙasa da sanda.

"Malam, wannan kofaton na mene ne?"

A nan ne ya kamata mutum ya ce bai sani ba. Amma jagoran da ya ce bai sani ba ya sauka daga kujera. Haladu ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya ce, "Alhaji, bisa dukkan alamu, ɓauna ce."

"Ɓauna! A dajinmu?"

"Littafi dai bai hana ba."

Mataki na 6: Kada ka bar mai mota ya zaɓi hanya

Alhaji ya sayo kyamara a Makka, wata shida yana ɗaukar hoton kurciya. Yanzu an ce masa ɓauna. Ya rantse ba zai koma gida ba sai ya ga abin da zai rataya a falo. Haladu ya ce ɓauna tana kisa, Alhaji ya ce ajali ɗaya ne. Haladu ya ce sawun ya yi arewa, Ɗanbala malamin daji, wanda tun ɗazu yake murmushin mugunta, ya ce, "A'a, Malam, gabas ya yi. Wajen tafki."

Suka bi. Haladu yana baya a karo na farko. Da suka hango balbelu fari fat suna tashi suna sauka, membobi suka yi ta tafi, shi kuwa ya san abin da balbela take bi.

Suka ɓullo bakin tafki. Ga shanu nan farare sun kai sittin, sun rame, ƙasusuwan baya a waje. A can saman wani maɗaci kuma, ga tsoho mai furfura ya maƙale da ƙafa ɗaya yana saro musu ganye. Haladu ya ɗaga kai ya ga ubansa, mai shekara kusan saba'in, a inda shi da yake matashi ba zai iya hawa da wannan takalmin ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta al'ada ba.

Mataki na 7: Yi shiru

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi. Ba a son ka yi komai. Ka rungume littafinka, ka kalli sama.

Bappa Manu ya sauko a hankali, ya ajiye adda, ya cire malfa, ya gai da kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Haladu ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Malam," ya wuce. Ɗanbala ya zaro littafinsa.

"Baba, ka san nan gandun gwamnati ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Yunwa ce ba ta sani ba."

"Shanun naka ne?"

"Kaɗan nawa ne. Yawancin amana ce."

"Amanar wa? Sunan mai su nake so. Shi doka take nema."

Tsoho ya dubi ƙasa. Ƙarya ba ta cikin halinsa, sunan kuma ba zai fito daga bakinsa ba ko da wuƙa a wuya.

"Na wani ne."

"Wani ba shi da suna?"

"Yana da shi. Mai kyau ma."

Alhaji Isma'ila, wanda haushin rashin ɓauna ya cika, ya ce, "Ka ji irin taurin kan mutanen nan! Su suke ɓata mana daji. Malam Haladu, kai da ka sani, yi masa bayanin illar abin da yake yi."

Haladu ya rungume littafinsa, ya kalli sama. Ɗanbala ya ce to shi ke nan, tunda ba za a faɗi mai shanu ba, mai kiwo zai kwana a Gwaram ya ga alƙali ran Litinin. Ya ciro igiya daga jaka. Tsoho bai yi gardama ba, ya jingine sandarsa a jikin maɗaci, ya miƙa hannuwa biyu. Bai ko saci kallon inda ɗansa yake ba. Haladu ya gane sarai: tsohon nan zai taka har Gwaram a ɗaure cikin wannan rana, ya kwana a bayan kanta, ba zai tona shi ba.

Ka tuna, shiru kawai ake so. Minti biyu ya rage a gama komai lafiya.

"Ɗanbala, mayar da igiyar nan," in ji Haladu. "Rubuta: Haladu Manu. Shanuna ne. Wannan kuma mahaifina ne, a dajin nan ya haife ni. Duk itacen da na taɓa nuna muku, shi ya nuna mini. Littafin nan ko rabinsa ban karanta ba."

Alhaji ya sauke sandar da ke wuyansa a hankali, ya dube ta, ya jefar. Sannan ya juya wajen tsoho.

"Baba, da gaske ɗanka ne?"

Bappa Manu ya ɗauki malfarsa ya kaɗe. Ya kwance goran ruwan da ke kafaɗarsa ya miƙa wa Sista Kubra, idonsa a kan shanu.

"'Yar nan, ba wa wancan ya sha. Tun yana ƙarami ba ya jure rana."

Haladu ya karɓa ya kafa kai. Ya daɗe yana sha, ya fi ƙarfin ƙishirwarsa, domin muddin goran yana fuskarsa ba mai ganin idonsa.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abin da zai biyo baya. Idan alƙali ya ci ka tara, kai ka sani. Idan ƙungiya ta zauna ta karɓe katinka, ta naɗa akawun da bai san bambancin tsamiya da ɗorawa ba, kada ka zo ƙofar gidana. Idan yaran ajinka suka fara yi maka kukan saniya in ka juya kana rubutu a allo, haƙuri za ka yi, sukan gaji bayan zango biyu.

Idan kuwa ka fi Malam Haladu ƙwarewa, ka cika mataki na bakwai daidai, aka wuce da tsohonka a ɗaure kana rungume da littafi, to ina taya ka murna, ka zama cikakken masani. Sai dai kada ka ce a wurina ka koya.