Ranar da Na Maye Gurbin Doki

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Gubuchi neman aure ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, Turawa suna ta tattara komatsansu. Ni kuma ina malamin makaranta a Ikara, saurayi, ga farin wando, ga alƙalami a aljihu, ga ji da kai. Wani Baturen auduga da zai tafi gida ya sayar mini da tsohuwar motarsa, baƙa, 'yar gajeruwa. Tun daga ranar na daina tsayawa gaisawa da masu keke, sai dai in ɗaga musu hannu.

Aibinta ɗaya, ba ta da ƙarfi. Tun daga nesa in ta hango hawa sai ta fara tari. Ran kasuwar Makarfi na kai kukana wajen Garba bakanike. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana girgiza kai.

"Malam, motarka lafiyarta lau, shaƙe ta aka yi. Ka ga wannan tukunyar salansar? Ita ke riƙe mata numfashi. Bature ƙara ce kawai ba ya so. Mu cire ta, mu sa miƙaƙƙen bututu, ka sha mamaki."

Na yarda (ni da ake turo wa 'ya'yan mutane in koya musu hankali). Ya yanke tukunyar, ya liƙa wani guntun bututun famfo a gurbinta. Da na tayar, awakin kasuwa suka watse, wata mai nono ta dafe ƙwaryarta da hannu biyu. Garba ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Ka ji ƙarfi?" Na ce na ji. Gaskiyar magana, a hawa yadda take rarrafe da, haka ta ci gaba da yi. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu duk ƙauyukan hanya sun san tana shan wahala. Amma kunnena ya riga ya yaudare ni.

Akwai yarinyar da nake so a Gubuchi, Hajara, 'yar Malam Tanko mai rake. Mun fahimci juna, saura manya su shiga. Baffa Isa, ƙanin mahaifina, shi zai je ya nema mini. Kowa ya san saurayi ba ya bin manya zuwa neman aurensa, Baffa ma ya ce zai hau jakinsa ya je. Na nace sai na kai shi, wai don in hutar da shi. Ƙarya nake yi, so nake gidan su Hajara su ga mota.

Tun daga Ikara Baffa ya tura rawaninsa cikin kunnuwa, ya rungume ƙunshin goro. Da muka isa aka ce Malam Tanko yana fadama wajen injin rake. Mai hankali a nan zai ajiye mota ya taka da ƙafa. Ni na gangara da ita.

Ga wanda bai san injin ba, ƙarafa ne da ke matse rake, da wani dogon itace da ake ɗaura wa doki, yana zagayawa ruwan yana zuba, a dafa a yi mazarƙwaila. Na tsaya dab da wurin. Kafin in kashe, shaiɗan ya raya mini in taka totur sau ɗaya, yadda kowa zai san an iso. Na taka har ƙasa.

Dokin ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya tsinke igiya, ya afka cikin gonar rake. Da aka kamo shi yana ɗingishi.

Da Malam Tanko ya zage ni, da na samu sauƙi. Bai ko kalle ni ba. Ya shimfiɗa wa Baffa tabarma, suka gaisa a tsanake, gida da iyali, gajiya da hanya, ba abin da ya rage. Sa'an nan ya dubi tulin raken da aka saro da safe, ya ce a hankali, "Wannan kuwa in ya kwana, tsami zai yi."

Baffa ya juyo ya dube ni. "Tuɓe rigar," in ji shi.

Haka na kama itacen nan, ni da wasu magidanta biyu masu yi wa Malam Tanko aiki, muka dinga turawa muna zagayawa. Tun daga azahar. Farin wandona ya koma kalar mazarƙwaila, ƙudan zuma na bina, jiri na ɗibana. Mutanen da ƙarar motar ta kirawo suka samu inuwa suka zauna kallo. Wani tsoho ya tambaya, da gaske kamar yana tausayi, ko a kawo wa malamin makaranta dusa.

Ana cikin haka Hajara ta kawo wa babanta fura. Na zagayo muka yi ido huɗu. Ta ja mayafi ta rufe baki, amma kafaɗunta sun tona ta. Na so in tsaya, itacen ya turo ni gaba. Sai da na wuce ta gabanta sau uku kafin ta ajiye ƙwaryar ta tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, har yau ɗin nan.

Bayan la'asar rake ya ƙare. Na zube gefe ina haki, amma ina sauraro, don na ɗauka wahalar da na sha ta wanke ni. Malam Tanko ya ce, "To, Malam Isa, ko tafe kuke da magana?"

Baffa ya ƙara tura goron cikin rigarsa. Ya ce, "A'a, Malam. Gaisuwa ce kawai."

Bai yarda ya sake shiga motar ba, aron jaki ya yi. Na bi shi gida wata guda ina roƙo ya koma, kullum amsarsa ɗaya, ba shi da fuskar da zai sake kai wa mutumin nan. Kafin damina aka ɗaura wa Hajara aure da wani tela a Kudan.

Na gaji da ba da labarin nan, don duk wanda ya ji dariya yake yi, ni kuwa mata na rasa. Abin da na tsira da shi kaɗan ne. In abu ba shi da ƙarfi, mota ce ko mutum, a bar shi da shirunsa, aƙalla ba wanda zai fito kallo.