Ihuna a Bakin Rijiyar Kusugu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka surukata rijiyar Kusugu ba.

Ni 'yar Sandamu ce, aure ya kai ni Kano. Da bikin ƙanina ya taso, sai Hajiya, uwar mijina, ta ce za ta bi ni, amma fa sai na kai ta Daura ta ga rijiyar da take jin labarinta tun tana yarinya. Na ce ai Kusugu kamar tsakar gidanmu take. (Ban taɓa leƙawa ba. Wa ke zuwa kallon rijiya a ƙasarsu?)

Tun a mota ƙanwar mijina, Hadiza, ta ishe ni. "Anti, wai macijiyar da aka kashe a ciki ba ta bar jikoki ba?" Na harare ta, na ce mu Daurawa mun gama da maciji tun zamanin kakanni, tsoro sai Kanawa.

Muka tarar da baƙi daga Damagaram sun cika ɗakin da aka gina a kan rijiyar. Mai kula da wurin yana ta ba da tarihi, yadda macijiyar take hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Hajiya ta ce tana so ta sha. Ni kuma, don a san 'yar gida ta zo, na karɓi guga.

Ina cikin ja sai na ji wani abu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya naɗe mini idon sawu.

"Wayyo Allah, ta dawo! Macijiya!"

Na saki guga. Abin ya ƙara matse ni, yana fizgata wajen rijiya. Na yi fatali da shi, na nufi ƙofa. Matsalar ita ce Hajiya tana tsakanina da ƙofar. Na bangaje ta, ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti, mayafi gefe, takalmi gefe. Baƙi suka watse suna salati.

Ashe igiyar gugan ce, wadda nake tarawa a ƙafata. Ta bi gugan, duk sun faɗa ciki.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙa hannu kawai ta ce, "Hadiza, ɗaga ni. 'Yar gida tana sauri."

Ruwan dai ba ta sha ba. Kafin mu isa Sandamu, Hadiza ta isar da labarin ta waya. Innata ta tare ni a zaure, ta sa na durƙusa gaban Hajiya, 'yan biki suna leƙe. Da na kira maigidan don ya tausaya mini, dariya ta hana shi magana, sai da na kashe wayar.

Na dai koyi abu ɗaya: kafin ki yi ihu, duba ƙafarki. In kuwa gudun ya zama dole, ki fara duba inda surukarki take tsaye.