Kalwa a But ɗin Motar Alhaji Amidu

Latif makanike ne a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, Habsa kuwa 'yar gwaggonsa ce, gida ɗaya suke a Zongo. Ranar Litinin ya gama gyaran motar Alhaji Amidu, ya ajiye ta a tsakar gida. Alhamis da safe, ranar da mai ita zai aiko a ɗauka, Latif ya buɗe ƙofar motar, wari ya kusa kayar da shi. Ni maƙwabcin ɗakinsu da nake alwala a gefe ma sai da na ja baya.

"...lahiya lau, ɗan kawu. Ya na ga kana toshe hanci?"

"Habsa, me ya mutu cikin motar nan?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Kalwata ce. Irin ɗorawa na gaske, daga Bawku. Yini guda na yi ina dahuwa."

"A but ɗin motar mutane?"

"To ina zan sa? Ruwan Kumasin nan ya hana ɗaki ɗumi. Daddawa kuwa sai da zafi da duhu."

"Cale, 'yar'uwa, fitar min da kwandon kalwar nan yanzu! Mutumin nan shekara tara nake masa aiki. Turarensa kaɗai ya fi ki daraja."

"Kai da ke warin baƙin mai tun daga ƙofar masallaci, yau ka san wari?"

"Baiwar gidanmu, ki kiyaye ni."

"Bawan da uwata ta goya! Wallahi ba ta fita sai gobe. In iska ta shige ta yau, ta lalace. 'Yata Fusena ta haihu, jibi suna. Da me zan kaɗa wa maijego miya, da girisinka?"

Latif ya dubi motar, ya dubi ɗakin 'yar Habsa, inda jinjiri ke tsala kuka. Sai ya zaro waya.

"Salamu alaikum, Alhaji. Birkin nan bai kwanta min ba. A ƙara min kwana biyu."

Ya kashe, yana huci. Habsa ta riƙe baki.

"Ƙarya da sassafe! Ni kwana ɗaya na roƙa."

"Ɗayan na wankin mota ne, kuma aikinki ne. Ki tanadi sabulu da lemun tsami."

Ta yi dariya har da hawaye. "Naka ƙulli uku ne na daddawa, maƙaryacin Fusena. Allah ya yafe maka, ni na yafe."