Tsarabar Dakta Lurwanu

Abokina Lurwanu, wanda tun da ya dawo daga Japan ba ya juyowa sai an haɗa masa da "Dakta", shekaru ya kwashe a can yana karatun atishawa. Ba zolaya nake ba. Wai akwai wata doguwar bishiya a ƙasar, sunanta sida, idan lokacin furenta ya yi sai ta riƙa sakin wani gari rawaya mai laushi, iska ta kwashe shi ta watsa cikin birane. Mutum na shaƙa sai hanci ya ɓalle, ido ya yi jawur, a yi ta atishawa kamar an zuba barkono a garwashi. Shi kuma aikinsa ya gano abin da ya sa garkuwar jiki take ɗaga hankalinta a kan ƙurar furen da ba ta cizo, ba ta harbi. Da ya yi mana wannan bayani a majalisa, Allah ya sa albarka kawai muka ce, don mu a Funtuwa wanda ya yi atishawa hamdala yake yi ya wuce, ba mu taɓa jin an tura wani ƙasar waje a kanta ba.

Da zai taho, farfesansa ya damƙa masa amana: wasu 'yan ƙananan kwalabe cike da garin furen nan, kowace da rubutun Japananci a jikinta. Aka ce ya gwada garin a kan jinin mutanen da ba su taɓa ganin bishiyar ba, ya aika sakamako kafin zangon karatu ya ƙare. In ya aika, za a sake kiransa ya koma can ya ci gaba da aiki. In bai aika ba, kujerar ta wani ce. Lurwanu kuwa ko barci yake, komawar nan yake mafarki.

Matsalar ita ce garin ba ya son zafi. Firjin ɗakin gwaje-gwajen jami'ar da yake koyarwa kuma an fi ajiye takardu a ciki don gudun ɓera, saboda wutar wurin leƙowa take ta gaisa ta koma. Duk danginsu mutum ɗaya ce na'urar sanyinta ba ta mutuwa: Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Zoɓo da ƙanƙara take sayarwa, firizarta da hasken rana take aiki. Can ya kai kwalaben, ya naɗe su cikin leda, ya tura ƙarƙashin ƙullin zoɓo, sannan ya yi babban kuskuren rayuwarsa. Ya ce mata, "Gwaggo, don Allah kada kowa ya taɓa. Abu ne mai daraja, daga Japan na zo da shi."

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutumin nan duk shekarun da ya yi a waje, tsarabar da ya raba wa dangi wasu 'yan sanduna ne bibbiyu, wai da su ake cin shinkafa a can. Kawu Sallau, ƙanen Gwaggo, ya jujjuya nasa ya ce ko asuwaki ba za su yi ba. Zance ya zaga gidaje. A wajen wani suna mata suka sa Gwaggo a tsakiya, wannan ta ce ashe ɗan nata ice ya je yi, waccan ta ce a ba ta aron sandunan ta tsefe kai. Gwaggo ta yi dariyar yaƙe, amma abin ya ci mata rai ƙwarai, don ba ta yarda a ce ɗan da ta raina marowaci ne ba. Ta dawo gida ta buɗe firiza, ta dubi kwalaben nan, ta ce a ranta ashe ga tsarabar gasken, yaro ne bai san yadda ake rabo ba. Ta fid da shi kunya.

Ranar da ya zo ɗaukar kayansa ni na goyo shi a babur, yana rungume da kular ƙanƙara. Gwaggo ta tafi barka maƙwabta. Ya buɗe firiza, ya ɗaga zoɓo, ya ɗaga kunun aya, ya zura kai har kafaɗa. Leda na nan, kwalabe babu. Bai gama fito da kansa ba sai ga sallamar Kawu Sallau, yana takawa gagau ba sanda.

"Lurwanu, Allah ya yi maka albarka! Ni na san ba za ka mance da mu ba. Ka ga gwiwar nan? Da man shanu na kwaɓa shi, shafawa kaɗan na yi, yau da ƙafata na je masallacin Juma'a."

"Kawu, me kuka kwaɓa?"

"Maganin Japan mana, wanda ka ba Yaya ta raba."

Na ga Dakta ya dafa bango. Daga nan muka bazama gida-gida, shi yana salati a bayana, ni ina danne dariya don kada ya sauke ni daga babur ɗina. Ko'ina muka shiga, godiya ce take tarar mu tun daga zaure. Inna Dije a koko take zubawa, ta ce jirin da ke ɗibarta ya ɗauke cak. Baba Mati mai gyaran rediyo ya haɗa nasa da zuma, ya ja Lurwanu gefe ya raɗa masa amfanin da ya gani, wanda ba zan iya maimaitawa a nan ba. Wata ta yi wa jikanta hayaƙi da shi saboda firgita. Wani ma da bai samu ba ya tare mu a hanya yana ƙorafi, wai ashe zumuncin ma da zaɓe ake yi. Duk wanda Lurwanu ya ce wa ba magani ba ne, sai ya yi murmushi ya ce ai haka masu ilimi suke, ba sa son yabo. Kwalaben kuwa an wanke su tas, har Inna Dije ta zuba kwalli a tata.

Muka koma gidan Gwaggo. Muka same ta zaune a tabarma tana ƙulla zoɓo. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, kwalaben nan, ko ɗaya ba ta rage ba?"

"Tawa tana nan. Ai ba zan raba wa duniya in bar kaina ba. Shayin safe nake ɗan barbaɗawa."

Ta kwance bakin zane ta fito da ita. Abin da ya rage bai fi a lakata da yatsa ba. Lurwanu ya miƙa hannu biyu yana cewa kada ta buɗe, zafi zai lalata, amma ina, ta riga ta cire murfin, ta kara masa a hanci don ya ga ba ta yi almubazzaranci ba. Iskar tsakar gida ta taimaka.

Atishawar farko sai da kajin gidan suka watse. Ya ce Alhamdu lillahi, Gwaggo ta ce Yarhamukallahu. Ya sake, ta sake. Ya kuma, ta kuma. Daga nan ta daina amsa masa, ta ce abin ya wuce na addu'a, ya zama mura. Shi kuwa kamar an kunna inji. Hula ta faɗi, tabarau ya bi ta, hawaye da majina suka haɗu a gemu. Ɗan abin da ya rage a kwalbar ma atishawar ta hure shi, ya bi iska. Wallahi na tausaya masa, don ina kallo Japan ta tashi daga hannunsa ta haye katanga.

Da ya ɗan samu numfashi sai ya ce, "Gwaggo, kun kashe ni! Wannan ba magani ba ne. Ita ce cutar kanta! Ita ke kwantar da mutane a can!"

Gwaggo ta leƙa cikin kwalbar, ta dube shi. "Cuta? To mu da muka sha, muka shafa, muka yi hayaƙi, me ya sa ba ta kama mu ba?"

Ko a cikin wannan hali Dakta bai fasa zama Dakta ba. Ya share hanci ya fara darasi. Ya ce garin ba ya kama baƙo. Sai jiki ya daɗe yana haɗuwa da shi shekara bayan shekara, har garkuwar jiki ta gane shi, ta riƙe kamanninsa, ta ɗauke shi abokin gaba, sannan duk ranar da suka sake haɗuwa ta tayar da yaƙi. Su jikinsu bai san shi ba. Shi kuwa a Japan kullum cikinsa yake, a ɗakin gwaji da kan titi.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, ta ci gaba da ƙullin zoɓonta.

"Gwaggo, ba ikon Allah kawai za ku ce ba! Farfesa yana can yana jiran sakamako. Gwajin ko farawa ban yi ba. Yanzu me zan ce masa?"

Ta ɗaure bakin leda da haƙori, ta jefa cikin bokiti.

"Ka ce masa an gwada a kan dangi kaf. Ba ta kama kowa ba sai wanda ya je karatunta."